Yadda Ake Hasashen Yanayi a Yankunan Ƙanƙara

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A lokacin hunturu nakan ji hukumar NiMet tana gargaɗin saukar hazo, wani lokaci har jirage su fasa tashi. To a yankunan ƙanƙara na ƙurewar arewa da kudancin duniya, inda mutane ba su da yawa, da me ake hasashen yanayi, kuma wa yake amfana? Daga wata ɗaliba, Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Hasashen zamani lissafi ne. Ana kasa sararin sama gida-gida a cikin kwamfuta, a ba kowane gida awon zafinsa da danshinsa da ƙarfin iskarsa kamar yadda suke a wannan sa'a, sannan na'urar ta lissafa yadda za su sauya nan da ɗan lokaci, ta yi ta maimaitawa har ta hango kwanaki masu zuwa. Masanin ƙasar Norway, Vilhelm Bjerknes, shi ya bayyana wannan dabara a 1904, amma sai a 1950 aka gwada ta da kwamfutar ENIAC a Amurka.

Wahalar yankunan sanyi tana farawa ne tun daga awon farko. Tashoshin da ke sakin balan-balan mai ɗauke da na'urar awo ƙalilan ne a Antaktika, nahiyar ƙanƙara ta ƙurewar kudu, mafi yawansu kuma a bakin teku suke. Taurarin ɗan'adam da ke tsaye saman ikwaita, a nisan kusan kilomita 36,000, ba sa ganin ƙurewar duniya da kyau, don haka ake dogara ga masu zagayawa ta saman arewa da kudu. Su ma ɗin sukan sha wuya wajen bambance farin gajimare da farar ƙanƙarar da ke ƙarƙashinsa, musamman a watannin da rana ba ta fitowa sam.

Ita kanta manhajar da ke yin lissafin sai an yi mata gyara. Ƙanƙarar da ta rufe teku tana hana ɗumin ruwa isa ga iska, amma da zarar ta tsage, zafi da tururi su yi ta tashi ta wannan tsagar. Akwai kuma gajimaren da ruwansa bai daskare ba duk da tsananin sanyi, wanda idan manhaja ta ɗauke shi a matsayin ƙanƙara, zafin ƙasa da za ta bayar ba zai zo daidai ba. A ganina, wannan ne ya fi kowanne wuyar sha'ani. Saboda irin waɗannan matsaloli ne masanan Jami'ar Jihar Ohio suka samar da Polar WRF, manhajar hasashe da aka gyara domin yankunan ƙanƙara.

Masu amfana kuwa rayukansu ne a kan hasashen. Tun shekarar 2000 wani tsarin hasashe na Amurka mai suna AMPS yake fitar da hasashen Antaktika, sau biyu a kullum, kuma ana duba shi kafin jirgi ya tashi daga Christchurch ta New Zealand zuwa sansanin bincike na McMurdo da ke Antaktika, tafiyar kusan kilomita 3,800 wadda a wasu ranaku matuƙi yakan juyo daga tsakiyar hanya idan filin sauka ya rufe. A arewa, hukumar yanayi ta Norway tana gudanar da manhajar AROME-Arctic, mai gidaje masu faɗin kilomita 2.5, domin ta kama ƙananan guguwar teku da ke tasowa cikin 'yan sa'o'i su afka wa masunta a Tekun Barents da kewayen tsibiran Svalbard.