Totuwa da Buntu Ba Shara Ba Ne: Amsoshin Tambayoyin Manoma

Wani manomi daga Giwa ya ce duk kaka totuwar masara takan taru masa tsibi-tsibi, sai ya banka mata wuta. Ya ji ana yin gawayi da ita, yana son sanin ko da gaske ne.

Da gaske ne, Malam, kuma ina jin ciwon ganin ana ƙone ta a banza alhali kullum gawayi tsada yake ƙarawa a Sabon Gari. Abin da ke raba toka da gawayi shi ne iska. Idan ka kunna wa totuwa wuta a fili, iska ta ishe ta, sai ta cinye ƙurmus. Idan kuwa ta gasu a zafin digiri 400 zuwa 500 na ma'aunin Celsius ba tare da isasshiyar iska ba, ruwa da hayaƙin cikinta ne za su fita, gawayi ya rage.

Nemi tsohuwar ganga ka huhhuda gindinta, ka ɗora ta a kan bulo uku. Cika ta da busasshiyar totuwa, ka kunna daga sama, in wutar ta kama ka sa murfi mai bututu. Daga nan idonka na kan hayaƙi. Da fari zai fito fari mai kauri, wannan ruwa ne ke tashi. Sai ya koma rawaya-rawaya mai yaji. Da zarar ya zama siriri shuɗi-shuɗi, janye bulon, ka tara ƙasa a gindin gangar, ka liƙe bakin murfi da taɓo. Kada ɗoki ya sa ka buɗe kafin ta huce sarai, domin iska na shiga zai sake kamawa. In aikin ya yi kyau za ka samu kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da ka zuba. Hunturu ne lokacinsa, sa'ad da totuwa ta bushe ƙayau.

Wata mai tuyar awara a Tudun Wada ta gwada irin wannan gawayi, ta ce yana rugujewa kuma ba ya jimawa.

Haka yake, Hajiya, ba shi da nauyin na itace. Ki daka shi ki tankaɗe, ki dama kullun rogo kamar koko, ki zuba kashi ɗaya na rogon a kashi goma na garin gawayi. Ki cuɗa, ki danna a gwangwani da ƙarfi, ki shanya har ya bushe ciki da waje. Ɓawon gyaɗa ma yana yi. Amma don Allah, komai sanyin Zariya, kada a shiga ɗaki da shi a rufe ƙofa. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mutum yana barci.

Mai injin casar shinkafa a wajen kogin Galma yana tambaya ko buntu zai iya tayar masa da janareta.

Zai iya, Alhaji. Ana gasa buntun a zafin digiri 700 zuwa 1,000 da 'yar iska kaɗan, sai ya ba da iskar gas mai cin wuta, wadda inji ke iya sha. Ba sabon abu ba ne: lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da fetur ya yi ƙaranci a Turai, motoci da yawa da gas ɗin itace suka yi tafiya, kuma a jihar Bihar ta Indiya an haskaka ƙauyuka da buntu. Sai dai ba zan ce ka zuba kuɗinka yanzu ba. Gas ɗin yana zuwa da kwalta mai danƙo, wadda ke toshe inji in ba a tace ta sosai ba, ga shi kusan kashi 20 cikin 100 na buntu toka ne. Aiki ne na wanda ke da makanikin da ya san na'urar, yana wanke matatar gas ɗin kullum. Ka fara da murhun buntu wajen turara shinkafa. Kowane kilo 100 na shanshera yana bar maka kusan kilo 20 na buntu, kuma zai rage maka kuɗin itace tun daga makon farko.

Na ƙarshe daga Soba yake, yana son ya kwashe karan dawa da harawa duka ya yi gawayi.

A'a, ɗan'uwa. Harawa ta dabbobi ce, kuma kuɗinta ya fi na gawayi. Kara kuwa ƙasarmu tana bukatarsa, domin ta gaji da noma, in ka share ta tas iska da ruwan farko za su kwashe samanta. Tsaya a kan totuwa, buntu, ɓawon gyaɗa da garin katako daga wurin masu yankan katako, ban da na katakon da aka yi wa fenti ko magani. Burbuɗin gawayin da ya rage ka cuɗa shi da takin gargajiya, ya kwanta mako biyu kafin ka kai gona, zai taimaka wa ƙasa riƙe danshi. In kana son sanin adadin da ya dace da gonarka, leƙa wajen malaman gona na NAERLS, cibiyar faɗakar da manoma ta Jami'ar Ahmadu Bello, ko Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru.