Ku Tambayi Kawu: Wai Me Ake Yi Wa Kurtun Sojan Ruwa A Onne?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan makon kusan duk saƙonnin da suka shigo a kan sojan ruwa ne, dama haka abin yake duk sanda aka ce an buɗe fom, sai ka ga shagunan intanet na wajen Taminus sun cika maƙil da samari kowa riƙe da fayil a hammata. Ni dai na saka kakin nan na cire, abin da na sani shi zan faɗa muku. Na tsamo guda biyar, saura sai wani makon in Allah ya kai mu.

Tambaya daga wani matashi a Unguwar Rogo:

Kawu ina wuni, dan Allah shekarata 20 ina da kiredit biyar, ina son shiga nebi amma wlh ban iya ruwa ba ko kogi ban taɓa shiga ba balle teku, kuma abokaina suna ce min ranar farko cikin teku ake jefa mutum in ya fito shi ke nan in bai fito ba a turo wa iyayensa kayansa. Gaskiya ne?

Amsa:

Ɗana, abokan nan naka a majalisa suka yi nasu horon. Babu mai jefa ka teku ranar farko, gwamnati ba ta ɗauke ka daga Jos har jihar Ribas don ta ciyar da kifi ba. Makarantar horon kurata tana Onne ne, a ƙaramar hukumar Eleme kusa da Fatakwal, ana yin kamar wata shida, kuma iyo yana cikin abin da ake koyarwa, daga inda ƙafarka take taɓa ƙasa ake farawa, da malamai a tsaye a kanka, a koya maka yadda za ka tsaya a saman ruwa ba ka nutse ba da yadda ake ɗaura rigar ceto. Za ka sha ruwa kam, wannan ba makawa, ni ma na sha har ta hanci, amma da yawanmu da muka zo daga Arewa haka muka je ba mu san komai ba muka fito muna yi. In ka samu wurin iyo mai malami a nan gari ka fara koyo ya yi kyau. Abin da ban yarda ba shi ne ka ce za ka je kududdufan kuza na wajen Bukuru ko Rayfield ka koya da kanka, ramukan nan zurfinsu ba a ganinsa daga sama, ruwansu sanyi ƙarara, sun ci yara da yawa a garin nan kowa ya sani.

Amma bari in gaya maka abin da zai fi ba ka wahala, don ba ruwan ba ne. Na farko zafi. Kai ɗan Jos ne, ka tashi a kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, ka saba da rigar sanyi har a watan Agusta, to can iskar kanta jiƙaƙƙiya ce, ka yi wanka ka fito kana gumi, ka wanke kaya kwana biyu ba su bushe ba, ga ruwan sama ba ya sallama, ga sauro kamar an aiko su, ƙurajen zafi kuwa sai sun feso maka a baya. Ta wani ɓangaren kuma kana da riba, wanda ya saba gudu a kan tudun nan in ya sauka ƙasa numfashinsa ya fi na wasu tsawo, don haka tun yanzu ka fara fita da asuba kana zagaye, kuma ka riƙa yi da takalmi mai nauyi ƙafarka ta yi bororonta ta warke tun kana gida.

Na biyu, kuma shi ne babba, bin umarni ba tare da ka ce don me ba. Ranar da kuka isa za a aske kanku tas, a raba ku rukuni-rukuni, a ba ku kaya, daga nan sunanka kurtu. Tun duhun asuba an tashe ku, gudu da motsa jiki, shara da goge-goge, ƙarfe 8 na safe a ɗaga tuta kowa ya ƙame inda yake, sai fareti a rana har ka ji tafin ƙafarka ba naka ba ne, sai aji, don akwai karatu sosai da jarabawa kar ka ɗauka duk tsalle-tsalle ne. Za a koya maka kwance bindiga da haɗa ta da harbi, da taimakon farko, da ƙulle-ƙullen igiya kala-kala wanda kowanne da aikinsa, wani na ɗaure jirgi a gaɓa wani na jawo mutum daga ruwa. Za a koya maka kashe gobara, kuma a nan ne ma ba sa wasa ko kaɗan, saboda ka duba, jirgin yaƙi mai ne a cikinsa da harsasai da wayoyin lantarki, in wuta ta tashi a tsakiyar teku babu 'yan kwana-kwana da za a kira, babu maƙota da bokiti, ku ne dai, haka in jirgi ya huje ruwa yana shigowa ku ne za ku toshe da katako da duk abin da aka tanada.

To wannan ne ya sa za ka ga mutum ɗaya bai goge takalminsa ba ko ya makara minti biyu, a kwashe ku duka a sa ku tsallen kwaɗo. Lokacin da nake kurtu na ɗauka mugunta ce zalla, akwai wani da ke gefen gadona da kullum shi ke ja mana gwale-gwale har na yi kwana uku ba na masa magana. Sai da na hau jirgi na fara gadin dare, awa huɗu kana tsaye mutane sama da hamsin suna barci a ƙasanka sun bar maka ransu, sannan na gane abin da ake ta dasa mana. In ka yi gyangyaɗi a wurin ba kai kaɗai za ka biya ba. Wanda ba zai iya jure a hukunta shi kan laifin wani ba, ko yana jin shi ya fi ƙarfin wanke banɗaki, shi ne ke tattara kayansa ya gudu a watan farko, ban taɓa ganin wanda rashin iya iyo kaɗai ya kora ba.

Wani abin dariya kuma yarensu. Rundunar an kafa ta a 1956 tun zamanin Turawa, al'adunta na sojan ruwan Ingila ne, don haka ko a kan tudu kake, sansanin naku jirgi ake ce masa, kicin gali ne, hagun jirgi fot dama sitabod, in za ka fita gari sai ka ce za ka sauka gaɓa alhali ƙafarka a kan kwalta take tun safe. In an ba ka umarni ka ce "ai ai sa", wato na ji zan yi, ranka ya daɗe. Ko sarawa ma tasu daban ce da ta sojan ƙasa, tafin hannu ƙasa yake kallo.

Tambaya daga wata uwa a Bukuru:

Kawu barka da aiki. Ɗana ya cika fom, sai wani mutum ya zo ta hannun maƙocinmu ya ce yana da hanya a Abuja, in na ba shi dubu 300 sunan yaron zai fito ba sai ya sha wahalar tantancewa ba. Ina da 'yan awaki ina tunanin in sayar. Me ka gani?

Amsa:

Hajiya, ki bar awakinki su ci dusarsu. Fom ɗin nan kyauta ne, rundunar da kanta take nanatawa a duk sanarwarta, kuma ko da a ce mutumin nan yana da wata hanya, to hanyar ba za ta yi wa yaron jarabawa ba, ba za ta ƙara masa tsawo ba, ba za ta canza masa jini ba. Yadda suke yi shi ne su karɓi kuɗin mutum goma, a cikin goman dama wani zai ci da ƙoƙarinsa, sai su ce ai mu muka yi, sauran tara kuma a ce su yi haƙuri sai baɗi. Wasu ma har takardar bogi suke bugawa, yaro ya hau mota ya bi ta Akwanga, Lafiya, Makurɗi, Inugu har Fatakwal, ya isa bakin get a duba a ce babu sunansa, ga asarar kuɗi ga kunyar dawowa unguwa bayan an yi masa rakiya.

In kina da abin kashewa ki kashe a inda zai yi amfani. Ki duba takardunsa, sunan da ke kan sakamakon WAEC ko NECO da na lambar NIN da takardar haihuwa da ta shaidar ƙaramar hukuma duk su zama iri ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, don wlh yaranmu da yawa a nan suke faɗuwa, a nan Muhammad a can Mohammed a wata kuma an juya sunan uba ya koma gaba. Sannan ki kai shi asibiti a duba shi tun yanzu, ido, hawan jini, ciwon hanta, sikila. In kuma kin san yana taɓa 'yan ƙwayoyi ko maganin tari, to ki gaya masa gwaji zai tona shi. In Allah ya sa ya tafi kuma kika ji shiru makonnin farko kar hankalinki ya tashi, kurtu ba ya yawo da waya a aljihu.

Tambaya daga Dadin Kowa:

Kawu ina da HND amma aiki ya ƙi samuwa, in ɓoye in shiga da sakamakon sakandare?

Amsa:

Kar ka fara. Mai digiri ko HND ƙofarsa daban ce, ta gajeren horon hafsoshi, ka jira a buɗe ta. In ka ɓoye aka gano daga baya, ƙarya ce a takardar gwamnati, kora ce, kuma wataƙila ba a nan za ta tsaya ba.

Tambaya daga wata budurwa a Rikkos:

Kawu mata fa? Yayana ya ce aikin maza ne, ni kuma tun ina firamare nake son farin kayan nan.

Amsa:

'Yata, ana ɗaukar mata, a Onne ɗin dai su ma ake horar da su, wurin kwanansu daban amma fareti da gudu da aji duk tare ne, kuma ba a rage miki komai don ke mace ce. Sharuɗɗan da aka saba sawa, kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a zama bai wuce biyu ba, shekara 18 zuwa 22 ga mai sakandare, masu difloma ko NCE ko aikin jinya ana ɗaga musu zuwa 26, tsawo ga mace mita 1.65, namiji kuma ya ɗara haka kaɗan, kuma ba aure. Ki karanta sanarwar shekarar da kyau ki bi abin da ta ce. Farin kayan nan kuma da kike so, ki sani ke za ki riƙa wanke shi da guga, ɗigon manja ɗaya ya isa ya ɓata miki yini. Maganar yayanki kuwa ki bi shi a hankali, ki samu Baba ko Mama su fahimta tukuna, akwai takardar da iyaye ke sa wa hannu, kuma wata shida a wurin nan ba a yin sa da fushin gida a ka.

Tambaya daga Gangare:

Kawu in mutum ya gama shi ke nan ya rabu da Arewa? Kuma ya maganar sallah da azumi?

Amsa:

Akwai masallaci akwai limamai na soja, akwai coci ga Kirista, ba mai hana ka addininka, sai dai lokacin ba naka ba ne, wani sa'in sai an sallame ku ka yi, azumi kuma in ya riske ka a can za ka yi shi ne da fareti a kai, mun yi ba mu mutu ba. Gemu dai ka yi masa sallama.

Bayan faretin yaye ku, wanda shi ne ranar da iyaye ke zuwa su kasa gane ɗansu don ya rame ya yi baƙi ya miƙe, za ka fito da ƙaramin muƙami a tura ka koyon fanni, masu inji Safele, masu aikin lafiya Offa, 'yan sandan rundunar Makurɗi, wasu Legas. Manyan rundunonin uku ne, ta yamma a Apapa, ta gabas a Kalaba, ta tsakiya a Yenagoa, to yawancin aikin can yake, gadin teku da bin ɓarayin ɗanyen mai cikin fadamun Neja Delta. Amma hedikwata tana nan Abuja, akwai sansani a Lokoja, akwai a Baga bakin tafkin Chadi, a Kano ma akwai kwalejinsu a Dawakin Tofa. Kuma masu cewa nebi ba ta ɗan Arewa ba ce su tuna Murtala Nyako daga Adamawa ya shugabance ta daga 1990 zuwa 1992, Awwal Zubairu Gambo ɗan Kano ya riƙe ta daga 2021 zuwa 2023. Su hafsoshi ne ba ta Onne ta kurata suka bi ba, amma dai su ma ba a bakin teku aka yanke musu cibiya ba. Inda za a tura ka kuwa ba kai ke zaɓa ba, ni sai da na shekara shida kafin a kawo ni ko Lokoja, kuma ranar da na sauka a tasha abin da na fara nema masa ce da miyar taushe.