Amsoshin Tambayoyinku: Motar tafi-da-gidanka da farautar launin kaka a duwatsun Amurka

Tambaya daga wani ɗan'uwa ma'aikacin jinya a Atlanta: "Malam, duk lokacin kaka nakan ga hotunan duwatsu ganye ya rine ja da ruwan ɗorawa, raina ya biya. Na tara dala 25,000, ina so in sayi motar nan mai ɗaki da kicin da banɗaki a ciki, wadda suke kira RV, ta hannu, ni da uwargida da yara biyu mu riƙa fita ina ɗaukar hoto. In saya ko in yi haya?"

Ɗan'uwa, ka yi haya tukuna. Launin da ya ɗauke maka hankali ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu a kowane wuri, ita kuwa motar wata goma sha biyu za ka yi kana ciyar da ita. Akwai inshora. Akwai kuɗin wurin ajiya, domin unguwanni da dama a Amurka ba sa yarda a girke irin wannan mota a ƙofar gida. Kafin hunturu sai ka zuƙe ruwan da ke cikin bututunta kaf, in ba haka ba ya daskare ya fasa su. Tayoyi na tsufa ko da ba ta motsa ba. Babban ciwon ta hannu kuma shi ne yoyon rufi: ruwa ya shiga ta wata 'yar tsaga ya riƙa ruɓar da katakon bango a ɓoye, mai sayarwa ya share ta tas, kai kuma sai bayan ka biya za ka ji ƙasan ɗakin na lotsawa in ka taka.

Haya iri biyu ce. Ko ka je kamfani mai motocinsa irin Cruise America, ko ka karɓa daga hannun mai ita ta shafukan intanet irin Outdoorsy ko RVshare. Ko wanne ka zaɓa, kada farashin kwana ɗaya da aka rubuta da manyan baƙi ya ruɗe ka. Ka tambayi mil nawa aka yafe maka a rana da abin da za a caje ka kan kowane mil da ya ɗoru, nawa ne awa ɗaya ta janareta, nawa ne inshora, nawa za a riƙe a katinka a matsayin jingina, da kuma tarar da za ka biya in ka mayar da ita tankin ƙazanta a cike. Sannan ka zauna ka yi lissafin mai. Matsakaiciyar mota irin wannan takan yi mil 8 zuwa 10 ne da galan ɗaya, wato tafiyar mil 1,000 za ta sha galan 100 zuwa 125. Mutane da yawa a nan ne sha'awarsu take yin sanyi, kuma gara ta yi sanyi a kan takarda.

Batun girma ya fi batun saye muhimmanci a wurin mai hoto. Rukuni uku ne: A, mai girman bas ɗin safa, B, wadda ba ta wuce ƙaramar motar kaya da aka gyara cikinta ba, sai C, mai gado a saman kan direba. Ku huɗu, ƙaramar C mai tsawon ƙafa 22 zuwa 25 ta wadatar. Na san uwargida za ta fi son babbar, kowa zai fi so in ya leƙa cikinta a garejin haya, amma hanyoyin da launin yake ba don ita aka yi su ba. A Kolorado, hanyar Independence Pass da ke kaiwa garin Aspen ta haramta ga duk motar da tsawonta ya wuce ƙafa 35. A kan hanyar Skyline Drive a Bajiniya akwai ramin Marys Rock da aka huda cikin dutse, tsayinsa daga ƙasa zuwa rufi ƙafa 12 da inci 8 kacal. Hanyar Blue Ridge Parkway, da ta ratsa duwatsun Bajiniya da Karolina ta Arewa, na da irin waɗannan ramuka 26, kuma gefensu ya fi tsakiyarsu gajarta. Ka rubuta tsayin motarka a takarda ka manna a gaban sitiyari, ka haɗa har da na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufi, wadda direbobin haya suka fi mantawa da ita.

Ga kuma abin da ba a faɗa a talla. Wuraren da hoto ke yin kyau galibi 'yan lungunan tsayawa ne a bakin hanya, masu ɗaukar ƙananan motoci biyar ko shida, kuma kafin gari ya waye an cika su. In gidanka ne motarka, duk sanda za ka fita neman hasken safiya sai ka cire wayar lantarki, ka naɗe tiyon ruwa, ka kulle kowace durowa, ka tashi yara daga barci ka ɗaura musu bel. A kan yaran nan ma, ka duba da idonka cewa akwai kujeru masu kallon gaba da bel na ƙwarai kafin ka sa hannu. Wasu masu hoto don haka suke zaɓar ɗakin da ake ja da a-kori-kura: a ajiye ɗakin a zango iyali na barci, maigida ya fita shi kaɗai. In bayan haya sau biyu ko uku har yanzu zuciyarka na kan saye, ka biya mai duba irin waɗannan motoci ya hau rufin, kai kuma ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke jikin taya bayan haruffan DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta.

Wata ɗaliba ta rubuto daga Tekzas: "Yaya, hutun mako ɗaya kawai zan samu, kuma dole in faɗi ranakun tun watanni kafin lokacin. Kolorado ko Blue Ridge?"

Ƙanwata, tunda ranakunki ba sa motsi, Blue Ridge. Ga dalili. Idan rana ta fara gajarta, itace yakan daina ƙera sinadarin da ke sa ganye kore, sai ruwan ɗorawar da dama yake ciki a ɓoye ya fito. Ja kuwa sabon rini ne da ganyen ke haɗawa daga sukarin da ya taru a cikinsa, kuma ya fi kauri a shekarar da aka samu rana mai haske da dare mai sanyi. Tunda sanyi daga ƙololuwa yake farawa, launin ma daga can yake gangarowa kwari a hankali. Blue Ridge Parkway mil 469 ce, daga gandun Shenandoah a Bajiniya zuwa gandun Great Smoky Mountains a Karolina ta Arewa, tana hawa daga ƙasa da ƙafa 700 har ƙafa 6,053 a Richland Balsam. Duk makon da kika faɗo a cikin Oktoba, in sama ta kaɗe sai ki sauko, in ƙasa ba ta nuna ba sai ki hau.

Kolorado ta fi ɗaukar ido, ban musa ba. Itatuwan aspen masu farin jiki sukan mayar da gefen dutse gaba ɗaya ruwan zinariya daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba, kuma wanda ya tsaya a Dallas Divide kusa da Ridgway ya ga kurmin a ƙarƙashin tsaunin Sneffels ba zai yi da-na-sani ba. Sai dai ganyen aspen ba shi da riƙo. Iska mai ƙarfi ko dusar ƙanƙara ta dare ɗaya na iya zubar da shi, mai hutun mako ɗaya ta iso ta tarar da itace tsirara. Wannan tafiyar ta wanda zai iya ɗaga ranakunsa ce.

A Parkway ba a biyan kuɗin shiga, gudu ba ya wuce mil 45 a awa, kuma babu gidan mai a kan hanyar, sai kin sauka gari. Guguwar Helene ta Satumban 2024 ta yi wa ɓangaren Karolina ɓarna sosai, don haka ki duba sanarwar hukumar gandayen ƙasa kan wuraren da ke rufe kafin ki tsara hanya. Zangunan gwamnati a shafin Recreation.gov ake kama su, yawanci daga wata shida kafin ranar, kuma daren Juma'a da na Asabar a Oktoba da wuri suke ƙarewa. Ki sa manyan wuraren da kike so a ranakun Talata zuwa Alhamis.

Hajiya daga Columbus ta ce: "Maigida ya nace sai mun yi kwana goma a cikin mota. Ni damuwata wanka, alwala, girki da banɗaki. Yaya ake rayuwa a ciki?"

Hajiya, tambayarki ce ta fi kusa da gaskiyar tafiyar. Tanki uku ne a ƙarƙashin motar: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na banɗaki. Na farkon a ƙaramar mota bai cika wuce galan 30 zuwa 40 ba. Zangunan da ke kan Parkway ba su da wayar lantarki ko famfon da za a jona wa kowace mota, abin da kuka ɗebo shi ke gare ku. Saboda haka ki tafi da butoci biyu. Alwala da buta ba ta cin rabin abin da take ci a bakin famfo a buɗe, kuma tsarki da ruwa alheri ne ga tankin banɗaki, domin ƙarancin ruwa ne ke sa ya toshe. Wanka kuwa a jiƙa jiki, a kashe, a saɓa sabulu, a ɗauraye. Duk kwana biyu ko uku za ku nemi wurin zubar da ƙazanta. Wannan aikin Alhaji ne, tunda shi ya kawo shawarar: ya sa safar hannu, ya fara buɗe na banɗaki, sannan na ruwan wanka ya biyo baya ya wanke tiyon.

Sanyin dare ne zai ba ki mamaki. Hitar motar da gas take aiki, amma fankar da ke hura zafin daga batir take ja, kuma tana iya shanye shi kafin asuba. Janareta ba mafita ba ce, zanguna suna hana kunna ta da dare. Ku sa ta cika batir da yamma a lokacin da aka yarda, ku rage hitar, ku ƙara bargo. Abin da ba za a yi ba ko da wasa shi ne kunna murhun girki don ɗumama ɗaki. Haɗarinsa ɗaya ne da kwana da kaskon garwashi a ɗaki rufe lokacin hunturu: iskar da ke kisa ba ta da wari. Ki danna na'urar gargaɗin da ke jikin bango ki ji ta yi ƙara tun a garejin haya. Ki kuma bar 'yar kafa a tagar rufi, in ba haka ba numfashinku da tururin shayi za su wayi gari suna tsiyaya a jikin gilashi.

Nama ki saya a birni ki cika firji, ƙananan garuruwan dutse ba a cika samun na halal ba. Miya ki dafa a gida ki daskarar a ƙananan robobi. Yawancin firjin waɗannan motoci ba ya aiki daidai in motar ta karkace, shi ya sa ake saka katako a ƙarƙashin taya a daidaita ta duk inda aka sauka. In wata shekarar kuka nufi Kolorado, a tsayin mita 3,000 ruwa na tafasa tun a kusan digiri 90 na ma'aunin Celsius maimakon 100, wake zai yi ta zama a tukunya bai nuna ba. Ki dafa shi tun daga gida. Kilishi da busasshen kifi kuma kada su kwana a waje ko a kan teburin zango. A kaka baƙar beyar, wata babbar dabbar daji, na cin abinci ba ƙaƙƙautawa don shirin barcin hunturu, hancinta kuma ba ya kuskure.

Abu ɗaya zai zo muku da sauƙi. Hasken da maigida ke nema yana zuwa ne jim kaɗan bayan sallar asuba, lokacin da hazo ke kwance a kwari, don haka ba sabon tashi za ku koya ba. Ku sauke taswira da jadawalin lokutan salla a waya tun kuna gari, sabis yakan ɓace na tsawon mil da yawa.

Wani matashi daga Denver yana tambaya ko ya sayar da tsohuwar kyamararsa ya sayi sabuwa, ya haɗa da ɗan jirgin ɗaukar hoto daga sama.

Riƙe tsohuwarka. Ka sayi marikin kyamara mai ƙafa uku wanda iska ba ta kaɗawa, da gilashin kashe ƙyalli da ake murɗawa a bakin kyamara, shi ke fito da jan ganye in ya jiƙe, da batura biyu na ƙari da za ka riƙa sakawa a aljihun ciki don sanyi na cinye su. In kuɗi ya ragu, madubi mai janyo nesa na milimita 70 zuwa 200 ya fi mai faɗi amfani a dutse. Ranar da hadari ya rufe sama kada ka koma barci, ka shiga cikin kurmi ko bakin rafi, a nan launi ke fitowa ba inuwa mai kaifi. Idan za ka dawo cikin mota mai ɗumi, ka bar kyamarar cikin jakarta a zuge ta huce a hankali, kada raɓa ta kwanta a cikin madubin. Jirgin kuwa, tun 2014 aka hana tashinsa a gandayen ƙasa, har da Parkway.

A ƙarshe, mutum biyu sun tambayi ko lasisin ƙaramar mota ya isa. A yawancin jihohi ya isa ga motar da nauyinta bai kai fam 26,000 ba, kuma ƙananan motocin haya ba sa kusantar haka. Lasisin dai ba ya koya wa mutum gangara. Inji yakan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000 da aka hau, don haka hawa a hankali za a yi shi, in motoci suka taru a bayanka ka ratse su wuce. Saukowa kuma da ƙaramar giya ake yi. Ka taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci ka saki, kada ka ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa, don in ya yi zafi daina kamawa yake yi. Wanda bai taɓa tuƙa babbar mota ba kada ya fara da hanyar Ouray zuwa Silverton ta kan Red Mountain Pass, akwai wuraren da babu shinge tsakanin taya da kwazazzabo. Ya ajiye motar a zangon Ridgway ko Ouray, ya yi hayar ƙarama ta yini ɗaya.