Abu kaɗan ke ba ni haushi, sai in sauke a kan iyalina

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a Kano, ina da mata da yara uku. Ba a san ni da faɗa ba, amma abu kaɗan ke ba ni haushi: cunkoson hanya, ɗan adaidaita sahu ya ce ba shi da canji, a ɗauke wuta ina tsakiyar duba takardun ɗalibai. A waje nakan haɗiye, in na dawo gida sai in sauke a kan yara. Kowa cewa yake in yi haƙuri. Ina yi, amma abin bai daina ba. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kake kira haƙuri, a yadda ka bayyana shi, tarawa ne. Haushin safe ka ajiye, na rana ka ɗora a kai, da yamma yaro ya zubar da kofin ruwa ya biya bashin ɗan adaidaita. Haushi kamar jar fitilar nan ce da ke kamawa a gaban direba. Rufe ta da tsumma ba ya ƙara wa injin mai. Aikinka shi ne ka koyi karanta ta tun tana sabuwar kamawa.

Jiki ne yake fara sani. Idan abu ya ɓata maka rai, wasu ƙananan halittu da ke saman ƙodoji suna sakin sinadarin adrenalin cikin jini. Bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya gajarce, muƙamuƙi ya ɗaure, kafaɗu su ɗage. Duk wannan yana faruwa kafin ka furta kalma ɗaya. Kowa da alamarsa ta farko. A wurin Bahaushe sau da yawa tsaki ne, don haka muna ba da shawara ka mayar da tsakinka ƙararrawa. Da ka ji "mtsw" ya fita daga bakinka, ka san fitila ta kama.

A lokacin abu uku kawai ake so, kuma ba sa cin minti ɗaya. Ka yi shiru. Ka canza yanayin jiki: in a tsaye kake ka zauna, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Zarr da Abu Dawud ya ruwaito, in bai sake ka ba ka kishingiɗa, tare da yin ta'awwuzi. Sai numfashi: ka shaƙa ta hanci kana ƙirga huɗu, ka fitar a hankali kana ƙirga shida ko takwas, sau biyar. Fitarwar ce ke aikin, domin ita ke rage gudun zuciya. Wanda ya riƙa zuƙar iska da sauri yana huci, ƙara wa wutar itace yake. Bayan haka ka kira abin da sunansa a zuci: "Haushi nake ji." Ko "Gajiya ce." Ko "Ji na yi an raina ni."

Wannan na kashe gobara ne. Babban aikin yana cikin littafi. Ka samu ƙaramin littafin rubutu, tsawon kwana 7 duk dare ka rubuta haushin da ka ji a ranar, ko da uku ne. Kowanne ka sa lokaci, abin da ya faru, ƙarfinsa daga 1 zuwa 10, yaushe rabonka da abinci, awa nawa ka yi barci, da maganar da ka faɗa wa kanka a lokacin. Layi ɗaya zai yi kama da haka: "Talata, 6:40 na yamma, ina shigowa na taka takalman yara a bakin ƙofa, 7, tun kokon safe ban ci komai ba, barci awa 5, na ce a raina ba wanda ya damu da wahalata a gidan nan."

Dubi layin nan da kyau. Takalma ba su kai 7 ba. Yunwa da ƙarancin barci sun kawo 4, maganar zuci ta kawo 2, takalman 1 suka kawo. In mako ya cika za ka ga haushinka ya kasu gida uku. Akwai na jiki: yunwa, zafi, ƙishirwa, barcin da bai kai awa 7 ba, shayi mai kauri ko goro da dare. Maganinsa abinci da hutu, ba wa'azi ba. Akwai na fassara, inda kai ne ka ɗora wa abin ma'ana: ɗan adaidaita ba shi da canji, kai kuma ka karanta raini. Tambayar da ke warware wannan ita ce, "Da aminina ne ya yi haka, wane uzuri zan ba shi?" Sai na uku, mai gaskiya, wanda ke maimaita kansa da mutum ɗaya a kan abu ɗaya. Shi wannan magana yake nema, kuma shi ne mutane suka fi binnewa da sunan kawaici.

Ga kowane haushi mai dawowa ka tanadi matakinsa tun kana cikin natsuwa. Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer, Bajamushe, ya bayyana wannan dabara a 1999: niyya a sigar "in kaza ya faru, zan yi kaza" ta fi "zan gyara halina" cika, saboda an gama yanke shawara kafin zafin ya zo. Misali: in na iso ƙofar gida, zan tsaya in yi numfashi biyar kafin sallama, in sha ruwa, in zauna minti 10 kafin in yi wa kowa gyara. In zan hau adaidaita, da canjina a aljihu. Ka sanar da uwargida wannan tsari, don kada shirunka na minti 10 ya zama mata fushi. Biyu sun isa a fara da su.

Inda ake tuntuɓe kuwa, na farko shi ne yin shiru da baki alhali zuciya na tsara martani. Haka nan amayar da fushi a kan wani abu, kamar buga ƙofa ko dukan bango. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Brad Bushman, ya gwada wannan a Amurka a 2002: waɗanda suka daki buhun dambe suna tuna wanda ya ɓata musu rai sun fito da fushi fiye da waɗanda suka zauna kawai. Sai mayar da saƙon WhatsApp da zafinsa. Ka ajiye wayar aƙalla minti 20, in maganar babba ce a kwana. Amma kada jinkiri ya zama binnewa. Ka sa wa maganar lokaci, bayan Isha'i misali, ka faɗi abu ɗaya tak da abin da kake so a yi: "Maman yara, takalman nan a samar musu kwando a bayan ƙofa." Kalmar "kullum" da tono laifin bara ba su da gurbi a nan. In kuma ka riga ka daka wa yaro tsawa a kan abin da bai kai ba, ka kira shi ka ce ka yi kuskure. Girmanka ba zai ragu ba, shi kuma ya ga yadda ake gyara.

Wani haushin na asibiti ne. In ya haɗu da rama, yawan gumi, rawar hannu da bugun zuciya, a duba maƙoƙo, wato tayirod. Mai ciwon suga da ke shan magani ya auna sugansa a lokacin, domin faɗuwarsa na kawo saurin fushi. Barin sigari, tiramadol ko kodin ma na kawo shi. In kuwa ya haura mako 2 tare da rashin barci da fita sha'awar komai, ko ya kai ga duka, ko tunanin cutar da kai, ka ga likita cikin makon nan, kuma ka tafi masa da littafin naka.