Ko mashigin teku da ya gurɓace zai iya farfaɗowa?

Malam, yana farfaɗowa, amma da jan aiki. Dubi mashigin Chesapeake a Amurka, inda kogin Susquehanna ke gangarowa teku. Ruwan sama na kwaso takin zamani da kashin kaji daga gonaki ya zuba a mashigin, su ciyar da gansakuka har ta cika ruwa, in ta ruɓe sai iskar da kifi ke shaƙa ta ƙare. Tun 1983 aka ƙulla yarjejeniyar gyaransa, amma sai a 2010 hukumar kare muhalli ta Amurka (EPA) ta ƙayyade wa jihohi shida da birnin Washinton iyakar abin da za su zubar. Ciyawar ƙarƙashin ruwa, maɓoyar ƙananan kaguwa, ta ɗan dawo. Gonakin ne har yanzu suka gagara, tunda ba bututu ɗaya za a toshe ba.