Amsoshin Masu Karatu: Muradi, Ɗorewa da Ladan Kuturu

Tambaya: Malam, me ya sa ake cewa "Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa" maimakon "manufofi"?

Muradi daga Larabci muka aro shi, abin da rai yake so. Kunne ya saba da shi tun Muradun Ƙarni guda 8 na shekarar 2000, saboda haka da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sababbi 17 a Satumbar 2015, sai aka bi sahu. Ba laifi. Laifin yana wajen masu labarai da ke kiran ƙananan ƙudurori 169 da ke ƙarƙashinsu "muradu" su ma, mai sauraro ya kasa gane guda nawa ne. Waɗannan a kira su manufofi, kowa ya huta.

Tambaya: Na ji ana cewa jami'o'i sun ci ladan kuturu kan muradun nan. Me ake nufi?

Karin maganar dai ita ce "kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski": wanda ya karɓi kuɗin aiki ba shi da damar ƙyama. Kuma ta faɗo daidai. Tun 2019 mujallar Times Higher Education take jera jami'o'i bisa muradun, kuma makin kowace jami'a yana fitowa ne daga muradi na 17, wato haɗin gwiwa don cimma muradun, da wasu uku da ta fi ƙoƙari a kansu. Ka ga an ba ta damar ta nuna inda take da ƙarfi, ta yi shiru kan sauran. Scopus kuma, wato rumbun maƙalun bincike na intanet, yana rarraba maƙalu bisa muradun ne ta hanyar kalmomin da ya tsinta a take da taƙaitawa, har ta kai wasu masu bincike suna cusa kalmomin a taƙaitawar maƙala ko da aikin bai taɓo zancen ba. Muradi na 3, wato lafiya, shi ke kwashe kaso mafi tsoka, domin dama fannin likitanci ya fi kowa buga maƙalu, kuma can masu ba da tallafi suka fi zuba kuɗi.

'Yan jarida nasu kuturun daban ne: idon mai kallo. Muradi na 13, wato yaƙi da sauyin yanayi, yana da taron shekara-shekara, irin na Paris a 2015 da na Dubai a 2023, ga shugabanni, ga masu zanga-zanga, ga hoto. Muradi na 6 kuwa, ruwan sha da makewayi, wa zai sa masai a shafin farko? Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mai gabatar da shiri ya ce "muradun" alhali guda ɗaya tak yake nufi. In guda yake nufi, ya faɗi lambarsa mana.

Tambaya: Ɗumamar yanayi da sauyin yanayi ɗaya ne?

A'a. Ɗumama hauhawar zafi ce kawai, sauyi ya haɗa da fari da ambaliya da rikicewar lokutan ruwa.

Tambaya: "Dorewa" ko "ɗorewa"?

Da lanƙwasa, don Allah. Kuma ba "daɗewa" ba ce kamar yadda wasu ke musanyawa, domin talauci ma yana daɗewa. Ma'anar da ake nufi ta fito ne daga rahoton Brundtland na 1987, wanda wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli da ci gaba ya fitar: a biya bukatar mutanen yau ba tare da an tauye wa na gobe damar biyan tasu ba.