Biki ya matso, kuɗi sun ƙi kaiwa

Tambaya: Anti don Allah ki ban shawara, bikina saura wata 5 amma duk lissafin da muka yi kuɗin sun ƙi kaiwa, har angon ya fara maganar cin bashi.

Amsa: Ƙanwata bashi kam a'a. Ku fara rubuta abin da ke hannunku tukuna, ku ware kashi 10 cikin 100 ku ajiye gefe don dole wani abu ya ɓullo daga baya. Yawan jama'a ne ke cinye kuɗi, duk sunan da kika ƙara kujera ce da faranti da kati, to ki rage ko da wasu za su yi ƙorafi, ai dama sai sun yi. Wurin taro kuma ku tambayi ranakun tsakiyar mako, yakan fi sauƙi.